Gefen Takardar Habu

Kwanakin baya wata yarinya da ta gama makarantar koyon jinya ta shigo shagona, ta miƙo min wayarta ta ce, "Baba, ba wani aiki ba ne, na riga na rubuta, fitarwa kawai za ka yi." Sibi ce, wato takardar da mai neman aiki yake jera sunansa da karatunsa da wuraren da ya taɓa yin aiki. A wayarta kam ta yi kyau. Da na buɗe ta a kwamfutata sai ga suna ya karkata hagu, shekarun makarantu sun watse, wata a tsakiya, wata ta faɗo layin ƙasa ta zauna ita kaɗai. Ta ce injina ne ya ɓata mata. Ban yi musu da ita ba. Na danna maɓallin da ke nuna abin da ido ba ya gani a shafi, sai ɗige-ɗige suka cika takardar kamar an watsa wa kaji gero. Kowane ɗigo bugu ɗaya ne na dogon maɓallin nan na ƙasa da ake ba da tazara da shi. Da shi ta yi ta tura rubutu har ya kai inda idonta ya so. Na ce mata, "'Yata, ba jerawa kika yi ba, turawa kika yi. Da an canza inji kowane layi zai koma inda ya ga dama."

Haka akasarinku kuke ɗaukar sana'ar nan, ku 'yan yanzu. Kuna ganin duk wanda ya iya aika saƙo a waya ya iya buga takarda. Ni Lawal, na haura shekara talatin ina wannan aiki a Daura, kuma har gobe idan na gama sibi sai na ɗaga ta na dube ta daga nesa kafin na miƙa wa mai ita.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai takardar wani mutum ce mai neman aikin masinja. A lokacin ina koyo a wurin Malam Isyaku, tsohon mai buga takardu na kotu, wanda bayan ya bar aiki ya kafa tebur a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Tafireta ɗaya gare shi, baƙa, mai nauyi, da gwangwanin da yake ajiye ribin, wato ƙyallen tawada, da buroshin share haruffa. A tafireta babu maɓallin da zai kai maka suna tsakiya. Sai ka ƙirga haruffan sunan har da tazarar da ke tsakaninsu, ka raba biyu, ka kawo kan injin tsakiyar takarda, sannan ka ja da baya gwargwadon rabin nan, ka fara bugawa. Na yi kuskuren harafi ɗaya a ƙirga. Malam Isyaku ya naɗe takardar gida biyu, ya ɗaga ta a rana, ya nuna min yadda sunan ya fi nauyi a ɓangare ɗaya, ya yaga ta. Sau uku yana yagawa, mai takarda yana zaune a benci yana jira. Ba ya yarda a shafa farin ruwan gyara a takardar neman aiki. Cewa yake yi mai ɗaukar aiki bai san ka ba, bai taɓa jin muryarka ba, takardar ce kaɗai za ta shiga ofis a madadinka, don haka kada ta shiga da faci.

Ƙa'idarsa ta biyu ita ce gefe. Kafin a buga harafi ko ɗaya sai ya ɗora yatsunsa biyu a bakin takarda, hagu da dama, ya ce nan ba naka ba ne. Nan na mai riƙe takarda ne, da mai huda ta ya sa a fayil, da ɓera idan ta daɗe a kabad.

Da kwamfuta ta zo ya ƙi taɓa ta har ya rasu. Ni na je Kano na yi wata uku a shagon wani mutumin kudu na koya. Abin da na tarar shi ne duk abin da Malam Isyaku yake yi da ƙirga da yatsa yana nan a cikin manhajar rubutu, an dai sa masa maɓalli. Akwai guda huɗu a jere a sama: na hagu, na tsakiya, na dama, da wanda yake daidaita layi ya taɓa gefe biyu. Suna ana kai shi tsakiya da na tsakiya, bugu ɗaya. Na huɗun nan kuwa ku kiyaye shi a sibi, domin gajerun layuka yake buɗewa ya bar giɓi tsakanin kalmomi kamar bakin tsoho. Shekaru su ne wurin da ake gane gwani. A saman shafi akwai rula. A kanta ake dasa alama a daidai inda ake so shekaru su ƙare ta dama. Idan ka rubuta sunan makaranta sai ka danna maɓallin da ake kira tab sau ɗaya, rubutu ya yi tsalle ya je ya tsaya a alamar. Ko layi ashirin ne, ƙarshen shekarun zai sauka a miƙe kamar an ja igiyar gini. In ka gama sai ka kulle takardar ta zama kamar hoto, abin da kuke kira fidiyef, yadda duk injin da ya buɗe ta ba zai motsa mata komai ba.

Wannan duka ana iya koya a mako biyu. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne mutane. Akwai wanda zai ce a zagaye masa takarda da furanni. Akwai wanda ya kawo min hoton da ya ɗauka a bakin rijiyar Kusugu da baƙin tabarau, wai a manna a sama. Akwai masu cewa a rage musu shekara uku, ko a ƙara musu wurin aikin da ba su taɓa takawa ba, waɗannan nakan nuna musu wani shagon. Mafi yawa dai shiru suke zama a benci da ledar takardu a cinya, suna kallon allon kwamfuta kamar daga ciki za a kira sunansu. Kaɗan ne suke dawowa su ce an dace. Sauran sai dai su dawo a ƙara layi.

A cikin masu dawowa a ƙara layi babu wanda ya kai Habu. Daga garin Babban Mutum yake, ɗan manoma, dogo, marar yawan magana. Ranar da ya fara zuwa bai daɗe da gama kwalejin horar da malamai ba, lissafi ya karanta. Takardunsa na cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, saboda ruwan sama. Na buga masa sibi da ta ɗan wuce rabin shafi. Da ta fito ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya bi ta da yatsa tun daga suna har ƙasa, sannan ya ce, "Malam, in na ga wannan a tebur ni ma zan so na ga mai ita."

Na ce, "To, Allah ya sa su so ganinka."

Daga nan duk bayan girbi sai ya zo. Wata shekara ya kawo koyarwar sa-kai da yake yi a firamaren garinsu. Wata shekarar aikin rigakafi, yana bin gida-gida da alli yana rubutu a ƙofa. Sai aikin zaɓe na kwana uku, sai darasin yamma da yake yi wa masu shirin jarrabawa. Na ajiye takardarsa a kwamfuta da sunansa. Ƙara masa layi ba ya ɗaukar minti biyu, tunda alamar tana nan a kan rula: na rubuta, na danna tab, shekarar ta je ta tsaya ƙarƙashin 'yan'uwanta. Shafin yana ta cika, shi kuwa yana nan inda yake.

Sai muguwar shekara ta zo. An rufe boda a Kongolam, 'yan kasuwar da suke kawo min takardun kaya da wasiƙu suka ɗauke ƙafa. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi watanni babu wuta. Fetur ya yi tsada, takarda ta yi tsada. Janareta nakan tayar ne kawai in aiki ya taru, na kashe shi da zarar takarda ta ƙarshe ta fito. Shaguna biyu a layinmu suka rufe, ɗaya ya koma sayar da cajin waya. Injin fotokofina kuma robar da ke jan takarda ta cinye, ya fara jan ta a ɗan karkace. Na san da haka. Mai gyara ya ce sai an aiko da sabuwa daga Kano, na ce a bari sai abubuwa sun yi sauƙi. Da yake ina barin gefe yatsa biyu, karkatar ba ta taɓa cin rubutun kowa ba.

A cikin wannan shekara Habu ya zo da layuka biyu sababbi, kuma yana son a yi masa fotokofi, kofi talatin, domin ya ji za a ɗauki malamai a wurare da yawa. Da na ƙara layukan sai takardar ta tsallaka shafi na biyu.

"Malam, shafi ɗaya nake so," in ji shi. "Biyu ta fi ƙarfina a kofi talatin. Kuma an ce ba sa juya shafi."

"To sai mu rage. A cire aikin zaɓe, kwana uku ne kawai. A cire na rigakafi, ba koyarwa ba ne."

Ya bi layukan da ido a allon. Can ya ce, "Kowane layi a nan na sha rana a kansa. In da hali a bar su."

Akwai hali, kuma ni na san shi. Na rage girman haruffa. Na matse tazarar da ke tsakanin layuka. Na cire adireshin imel, tunda ya ce ya manta mabuɗinsa kuma wayarsa ƙarama ce. Har yanzu saura layi biyu a waje. Sai na ɗauko lambar wayarsa daga ƙarƙashin suna, na mayar da sunan hagu, na tura lambar can ƙarshen dama a layi ɗaya da shi. Saura layi ɗaya. Na kama alamar gefe a kan rula na ja ta waje, hagu da dama, har abin da ya rage bai kai faɗin yatsa ɗaya ba. Layin ƙarshe ya hau. Firinta ta fitar da ita lafiya lau, komai ya fito, ta cika maƙil amma a jere take. Habu ya karanta ta sau biyu ya ce ta yi.

Janareta ya fara tari, alamar mai ya kusa ƙarewa, ga mutum biyu suna jira a benci. Na ɗora takardar a gilashin fotokofi, na danna talatin. Suna fitowa na tattara su na buga gefensu a tebur, na zuba masa a babbar ambulan. Ban ɗaga ko ɗaya na duba ba. Ta asalin na sa masa a leda daban, na ce ya adana ta.

Bai zo bayan girbin shekarar ba. Sai tsakiyar damina ta gaba na gan shi, da laka a ƙafar wandonsa. Ya gaishe ni, ya zauna a benci har sai da kowa ya fita. Sannan ya taso ya shimfiɗa takardu biyu a teburina. Ɗaya ta asalin ce, tana nan fes. Ɗayar kofi ce da ta sha hannu, da hudar fayil a gefe, da alamar jan biro a saman sunansa.

"Malam, don Allah ƙirga min lambar wayar nan."

Na ƙirga ta asalin, sha ɗaya cif. Na koma kan kofin. Tara ne cikakku. Ta goma an yanke ta a tsaye, rabin hagu kawai ya fito, ba ka iya cewa sifili ce ko shida ko takwas. Ta sha ɗaya babu ita sam. Sauran layukan ba su yi asarar komai ba sai harafi ɗaya-ɗaya da mai karatu zai cike da kansa, shekaru ma ana gane su. Lambar waya kuwa ba a cike ta da ka.

Ya ba ni labarin a tsaye, da murya ƙasa-ƙasa. Wata ƙungiya ce ta buɗe makarantar sakandare a wani gari da ba shi da nisa da Daura, suna neman malaman lissafi, har da ɗakin kwana suke bayarwa. Ya kai takardarsa kamar yadda ya kai ko'ina, bai ji komai ba. Bayan watanni ya haɗu da wani abokin karatunsa da ke koyarwa a can, abokin ya ce masa, ai an yi ta cigiyarka. Sai ya je da kansa. Shugaban makarantar ya sa aka ciro fayil, ya nuna masa jan biron, ya bar masa takardar. Ashe Habu yana cikin mutum huɗu da aka ware a kira. Akawunsu ya gwada cike lambar sau biyar ko shida, ya samu wata mata a wani gari, ya samu wani da ya zage shi, sauran ba su shiga ba. Adireshin da ke takardar Babban Mutum ne kawai, ba unguwa ba sunan gida, ga tulin takardun wasu a tebur. Suka kira na biyar. Shugaban ya ce masa, "Mun neme ka, malam. Yanzu kuma babu gurbi."

Na ce, "Kofi nawa ka raba a cikin talatin ɗin?"

"Duka."

"Habu, wannan aikina ne. Ni na ci gefen, na san injin yana karkata, kuma ban duba ba."

"Ni ma ban duba ba, Malam. Ta asalin nake ta ɗaukowa ina kallo. Su kuwa daga ambulan sai ambulan." Ya ɗora yatsa a kan kofin. "Ba rigima na zo yi ba. Na ce dai gara ka sani, saboda na wasu."

Ranar na mayar da ita shafi biyu, gefe yatsa biyu, lamba a tsakiya ƙarƙashin suna. Kowane kofi daga firinta na fitar da shi, na duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma a lokacin ya riga ya haura talatin, kuma yawancin sanarwar ɗaukar aiki a nan suke yanke shekaru. Abin da na kori mutane da yawa a kansa, ranar ni na fara furta shi. Na kai alamar rubutu kan shekarar haihuwarsa na ce, "In kana so, a rage biyu. Ni na ci maka su."

Ya girgiza kai. "Takardar firamare tana nan da shekararta. Kuma ko ba ta nan, bar shi yadda yake."

Na yi kusan shekara biyu ban sake ganinsa ba. Na ji dai ya yi aure, kuma mahaifinsa ya daina iya zuwa gona. Da ya dawo an riga an buɗe boda, wuta ta dawo, injin fotokofi ya samu sabuwar roba. Wannan karon bai zo da leda ba. Ya ce wani kamfanin masu gadi yana ɗaukar mutane, za a tura su wani babban sito a hanyar Kongolam, kuma sai da sibi.

Na buɗe takardarsa na ce, "Me za a ƙara?"

"Ragewa za a yi. Masu takardar sakandare kawai suke so. Wanda ya gaya min ya ce in suka ga babbar takarda ajiye ta suke yi, wai mai ita ba ya zama, kuma yana da yawan tambaya."

Ya ja kujera kusa da ni, ya riƙa nunawa da yatsa. Kwalejin horar da malamai. Na shafa layin ya yi shuɗi, na danna, ya tafi. Koyarwar gwaji. Koyarwar sa-kai. Darasin yamma. Aikin zaɓe, domin an rubuta akawu a ciki. Na rigakafi ya ce a bari, sai kuma ya ce a cire, tunda shugaban tawaga aka rubuta. Ƙasa da minti ɗaya muka gama. Abin da ya rage suna ne, da lambar waya, da garinsu, da firamare, da sakandare.

Na ce, "Daga gama sakandare zuwa yau akwai shekaru da yawa a buɗe. Za su tambaya me ka yi."

"Rubuta noma. Ai ban taɓa fasa damina ba."

Na rubuta noma, Babban Mutum, na danna tab, shekarun suka je suka tsaya a dama.

Cusa rubutu mai yawa a shafi ɗaya ba shi ne mai wuya a sana'ar nan ba. Mai wuya shi ne layi shida su riƙe shafi guda ba tare da an ga tsiraicinsa ba. Na ƙara girman haruffa, amma ba yadda za su zama kamar allon talla ba. Na buɗe tazarar layuka, na sa fili a saman kowane kan magana, na ja siririn layi a ƙarƙashinsa. Na shigo da gefe har yatsa uku. Na sauko da sunan ƙasa kaɗan don kada rubutu ya taru a sama ya bar ƙasa fayau. Na fitar sau huɗu ina ɗagawa ina dubawa daga bakin ƙofa. Ban taɓa daɗewa a kan takardarsa kamar ranar ba.

Da na miƙa masa ta ƙarshe ya dube ta ya ce, "Ta yi kyau, Malam. Kamar ba a cire komai ba."

Na zo adanawa, kwamfuta ta tambaya ko a ɗora sabuwar a kan tsohuwar. Na ce masa zan iya ba ta wani suna, a bar waccan ko wata rana za a buƙace ta.

"Ɗora a kanta," in ji shi.

Na ɗora.

Kwana huɗu da kai takardar suka kira shi. Yana can har yanzu. In na bi motar Mai'aduwa nakan hango shi a bakin ƙofar siton, da kakin kamfani da ya yi masa gajarta a hannu, yana rubuta lambobin manyan motoci a wani littafi. In ya gan ni yakan ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. A cikin duk takardun da na buga masa a shekarun nan, ita kaɗai ce ta samo masa aiki.